Neman Kalmar Hausa: Wane Suna Ya Dace da CBT?

1/ Assalamu alaikum. Makonni biyu da suka wuce na roƙi masana harshe da ma'aikatan lafiya su taya ni neman sunan Hausa ga wata hanyar magance ciwon damuwa, wadda a asibiti ake kira cognitive behavioural therapy, ko CBT a taƙaice. Shawarwari sun zo daga nan Gusau, da Ƙauran Namoda, da Talatar Mafara, har da Birnin Kebbi da Argungu, kuma na karanta su ɗaya bayan ɗaya. Yau zan faɗi sunan da na tsayar, tare da dalilin da ya sa na ajiye sauran.

2/ Abin da ya tayar da maganar ya faru ne a cikin gidanmu. Yayata ta rasa mijinta, ta gama takaba, dangi suka watse, amma ita ba ta dawo yadda take ba. Mace ce da tun asuba ake jin ƙamshin ƙosanta a unguwa, sai ga kaskonta a kife bayan ɗaki wata da watanni har ya fara tsatsa. Barci ya ƙaurace mata, abinci sai an matsa, kuma ko jikokinta suka shigo da wasa ba ta ɗaga kai. Da muka samu ta yarda muka je asibiti, likita ya ce ciwon damuwa ne, ya kuma ce za a haɗa ta da mai yin CBT. Ma'aikacin da ya yi mata bayani da Hausa, da kyakkyawar niyya, ya ce: "Hajiya, ba allura ba ce, ba ƙwaya ba ce, hira ce kawai za ku riƙa yi." Muna fitowa ta dube ni ta ce: "Auta, in hira ta, mi yak kawo mu nan? Hira ta ƙare gida?" Sai da na shafe kusan wata guda ina lallashinta kafin ta sake taka asibitin, kuma na tabbata da an ba abin suna mai nauyi tun ranar farko, da ba mu yi asarar wannan watan ba.

3/ Sunan ciwon kansa ba zan daɗe a kai ba, domin "ciwon damuwa" ya riga ya zauna a bakin likitoci da gidajen rediyo. Kalmar "ciwo" ita ce ke raba shi da baƙin cikin yau da gobe, tunda likitoci ba sa kiransa ciwo sai ƙuncin rai ko rashin sha'awar komai ya ɗauki aƙalla mako biyu, kusan kullum, har ya hana mutum harkokinsa. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 sun nuna kimanin mutum miliyan 280 ke fama da shi a faɗin duniya.

4/ Kafin a raɗa wa abu suna sai an san kamanninsa. Wani likitan ƙwaƙwalwa na Amurka, Aaron Beck, wanda ya rasu a 2021 yana da shekara 100, shi ne ya kafa tushen wannan hanya a shekarun 1960 a Jami'ar Pensilbaniya. Ya lura cewa masu ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu a rai ba tare da sun gayyato su ba, kuma galibi suna kewaya abu uku ne: ni ba ni da amfani, duniya ta juya mini baya, gobe ma ba za ta yi kyau ba. Mutum yana karɓar waɗannan a matsayin gaskiya tsantsa, sai ransa ya ƙara ɓaci, sai ya janye daga mutane da sana'a, janyewar kuma ta zame masa sabuwar hujja cewa lallai ba shi da amfani. Aikin CBT shi ne yanke wannan zagaye ta fuska biyu, wato ta auna tunanin da hujja, da kuma ta mayar da mutum kan ayyukansa kaɗan-kaɗan ko da zuciyarsa ba ta so. Ana zama ne galibi sau ɗaya a mako, na kusan awa guda, kuma ga ciwon damuwa yawanci zama 12 zuwa 20 ake yi, tare da aikin da mutum zai tafi da shi gida.

5/ Na ga yadda abin yake da idona. An ba yayata littafin rubutu mai layi, ta raba shafi gida huɗu, tana cikawa da ajami domin shi ta iya. Wata Talata maƙwabciyarta ta wuce ƙofar gida ba ta leƙo ba. A gidan farko ta rubuta abin da ya faru, a na biyu ta rubuta abin da zuciyarta ta raya mata, wato "kowa ya gaji da ni", a na uku aka ce ta kawo hujjar da ke goyon bayan wannan zato da wadda ke karya shi. Ta daɗe riƙe da biro kafin ta tuna cewa wannan maƙwabciyar ce ta aiko mata da fura ranar Lahadi. A gida na huɗu ta rubuta da hannunta: "Wataƙila sauri take yi." Ba wanda ya faɗa mata wannan amsa, tambaya kawai aka yi ta yi mata har ta kai can da kanta. A wannan makon kuma aikin da suka shirya da mai duba ta bai wuce ta jiƙa wake gwangwani biyu ta kai niƙa ba, ko da ba za ta soya don sayarwa ba.

6/ Yanzu ga shawarwarin. Wadda ta fi yawa ita ce "nasiha", wasu kuma suka ce "ba da shawara". Na ajiye su duka biyu, domin nasiha daga sama take saukowa, babba ya faɗa ƙarami ya saurara, kuma yayata ta sha nasiha har ta ƙoshi. Kowa ya zo gaisuwa sai ya ce ta yi haƙuri ta dangana, maganar kuma gaskiya ce, sai dai ita a lokacin tana jin ta ne kamar tuhuma, kamar ana cewa imaninta ne ya yi rauni. Duk sunan da zai sa mara lafiya ya zaci wa'azi za a sake yi masa, zai hana shi zuwa.

7/ Wani malamin Hausa ya kawo "gyaran tunani da ɗabi'a", kuma ta fuskar fassara kalma da kalma shi ya fi kowa kusa. Matsalar tana wurin "ɗabi'a" da "hali". A Hausa, idan aka ce za a gyara wa mutum ɗabi'a, an riga an yanke masa hukuncin rashin tarbiyya, kuma "gidan gyaran hali" kowa ya san kurkuku ake nufi. Kalmar Turancin, wato behavioural, ba ta ɗauke da wannan zargi ko kaɗan, abin da take nufi shi ne abin da mutum ke aikatawa a yininsa: ya tashi ko ya kwanta, ya fita ko ya kulle kansa a ɗaki, ya amsa sallama ko ya yi shiru. Saboda haka "aiki" ya fi "ɗabi'a" dacewa. "Horo" ma na duba shi, tunda akwai koyo da maimaitawa a cikin lamarin, amma horo yana jan hankali zuwa ga bulala.

8/ Duk wani suna mai ɗauke da "hankali" ko "ƙwaƙwalwa" na kauce masa da gangan. A yankinmu, da zarar an ce taɓin hankali, abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne Kware, inda asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yake kusa da Sakkwato, kuma da yawa sun gwammace su ɓoye ɗan'uwansu a ɗaki da a ji an kai shi can, alhali asibiti ne kamar kowane asibiti. Ko gwamnati ta gane nauyin suna, domin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar doka ce ta 1958 wadda sunanta ma dokar hauka ne.

9/ Shawarar da ta fi taɓa ni ta zo ne daga wata ungozoma a Argungu, wadda ta ce a kira shi "warwarar saƙar zuci". Bahaushe ya daɗe da sanin cewa zuciya tana saƙa, shi ya sa muke cewa mutum ya zauna yana saƙe-saƙe, ko yana saƙa da warwara. Mai ciwon damuwa saƙa yake yi dare da rana da zare iri ɗaya, abin da ake koya masa kuwa shi ne ya kamo bakin zaren ya ja, ya ga inda ƙullin yake. Wannan ya tuna mini da aikin likita Dixon Chibanda a Zimbabuwe, inda aka horar da tsofaffin mata suna zama da masu damuwa a kan benci a harabar asibitocin unguwa. Ba su dogara da kalmar Turanci ba, sun ɗauki wata kalma ta harshen Shona na ƙasar da mutane suka riga suka sani, kufungisisa, wadda ke nufin yawan tunani, mutane kuma suka zo. Abin da ya hana ni ɗaukar "warwarar saƙar zuci" a matsayin suna na takarda shi ne ta rufe rabin aikin kawai, ta bar jiƙa wake da kai niƙa a waje, alhali ga mai ciwon damuwa sau da yawa motsin jiki ne ke fara buɗe ƙofa kafin tunani ya biyo baya.

10/ Abin da na tsayar shi ne "jinyar tunani da aiki". Na zaɓi "jinya" a kan "magani" domin Bahaushe in ya ji magani zai miƙa hannu a ba shi abin haɗiya, kuma in bai samu ba zai ga an raina ciwonsa. Jinya kuwa tana ɗaukar lokaci, tana buƙatar juriya, kuma tana da wani sirri da na daɗe ban lura da shi ba: muna cewa "yana jinya" ga wanda ke kwance, muna kuma cewa "tana jinyarsa" ga wadda ke kula da shi. Kalma ɗaya ta haɗa mutum biyu a kan aiki ɗaya, kuma haka CBT take, domin mai duba ka ba zai iya yi maka ita kana naɗe da hannu ba. Na san wani zai ce sunan ya yi tsawo, amma kalma huɗu ce, kuma tsohuwa a ƙauye za ta iya maimaita ta ba tare da tuntuɓe ba. A wajen bayani da baki, ina roƙon ma'aikatan lafiya su riƙe kalmar ungozomar nan, su ce: "Jinyar tunani da aiki za a yi miki, za a taya ki warware saƙar zuci, a kuma mayar da ke kan harkokinki sannu a hankali."

11/ Dole in ƙara abu biyu don kada sunan ya yaudari kowa. Wannan jinya ba ta kore addu'a ba, ba ta kuma kore ƙwayoyin da likita ke rubutawa ba, domin idan ciwon ya yi tsanani akan haɗa su ne tare, kuma yayata ma an haɗa mata. Wanda kuma zuciyarsa ta fara raya masa ya hallaka kansa, ba a jira zaman mako mai zuwa, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar, kada a bar shi shi kaɗai. Masu wannan ƙwarewa ba su da yawa a jihohinmu, don haka mai nema ya fara da babban asibitin da ke kusa da shi, ya tambayi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ya ambaci CBT da sunanta na asibiti tukuna har namu ya bazu.

12/ Saura kalma ɗaya da ban samo ba, wato sunan shi mai yin jinyar. "Likita" bai cika daidai ba, domin da yawansu masana halayyar ɗan Adam ne ko ma'aikatan jinya da aka horar, "mai ba da shawara" kuma ya mayar da mu inda muka baro. Yayata, wadda kaskonta ya koma kan murhu tun kafin azumin bana, tana kiran tata "malamar littafi", saboda littafin nan mai gida huɗu. Ina sauraron abin da ya fi wannan daga gare ku.