Abin da Muka Tsayar kan Antibairas da Imel

Ranar Asabar bayan La'asar, mun zauna da masu gyaran kwamfuta a wani shago kusa da kasuwar Wunti. Wani ya kawo kuka: tun da ya saka antibairas ɗin Avast, manhajar imel ɗinsa ta Thunderbird ke ƙorafin satifiket, wato shaidar da sabar imel ke nunawa don tabbatar da cewa ita ce.

Dalili kuwa, saƙon da ke bin tashar 993 ko 995 (lambobin ƙofofin da imel ke shigowa ta cikinsu) a kulle yake zuwa. Kafin antibairas ya leƙa ciki, sai ya shiga tsakani ya miƙa nasa satifiket, Thunderbird kuma bai san shi ba.

Wani yaron shago ya ce a cire makullin, a koma tashar 110. Oga ya ce, "Kai yaro, kul!" Na goyi bayansa, domin kalmar sirrinka za ta bi waya tsirara.

Yawancinmu mun tsaya kan kashe sashen binciken imel kaɗai, a bar mai gadin fayiloli yana aiki, tunda shi ke cafke ƙwayar cuta idan an sauke abin da aka maƙala.

Amma a fara duba agogon kwamfutar. Idan ɗan batirin nan na ciki ya mutu, kwanan wata kan koma baya, Thunderbird ya ƙi amincewa da satifiket, a yi ta zargin antibairas a banza.