Medicaid bayan haihuwa a Amurka: ina masu jego ke samun cikas?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu aikin asibiti da masu taya mata cike takardu, don Allah ku ilimantar da mu kan Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, wadda aka ce mai jego na ci gaba da samu har wata 12 bayan haihuwa.

Anti Rabi: Wa'alaikumus salam. A da, kwana 60 bayan haihuwa ake yanke ta. Daga Afrilun 2022 aka ba jihohi damar kaiwa wata 12, kuma kusan duk sun karɓa. Dalili kuwa, binciken CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, na 2017 zuwa 2019 ya nuna fiye da rabin mace-macen da suka shafi ciki na faruwa ne tsakanin mako guda da shekara guda bayan haihuwa. Mu da an yi arba'in sai a ce an tsallake, alhali hawan jini bai san arba'in ba. In awo ya kai 160/110, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, a tafi asibiti nan take. Wadda ta yi ciwon sukari da ciki, a sake gwada ta tsakanin mako 4 zuwa 12.

Baban Amir: Sharaɗin shi ne tana kan Medicaid tun tana da ciki. Ko albashin maigida ya ƙaru a shekarar ba a cire ta, kuma wadda ta yi ɓari ma tana samun wata 12 ɗin. Jaririn yana da tasa shekarar, sai dai a tabbatar asibiti ya kai sunansa. Ƙaura ce ke ɓata lamari: inshorar ba ta bin mutum zuwa wata jiha, sabon nema ake yi. Canza gida kuma ba a sanar da ofis ba, wasiƙar sabuntawa ta tafi tsohon adireshi.

Hajiya Balaraba: Malam, ka manta marasa takardun zama. Medicaid ta gaggawa da suke samu, haihuwar da lalurar gaggawa kawai take biya. Amma New York tana ba da wata 12 ɗin ba tare da duba takardu ba, mutanenmu na Bronx su sani.

Baban Amir: Gaskiya ne, Hajiya. In kuma wasiƙar yankewa ta zo kafin lokaci, a ɗaukaka ƙara kafin ranar da aka rubuta a ciki, sannan a nemi a bar inshorar tana aiki har a yanke hukunci.