Hoton Sarkin Bukhara na 1911: kalar asali ce ko shafa ta aka yi?

Nazifi: Salamu alaikum jama'a. Hoton nan da Yaya Kabiru ya turo jiya, na sarki mai shuɗiyar riga da farin rawani yana zaune riƙe da takobi, wai a 1911 aka ɗauka kuma wai kalar asali ce, ni fa ban yarda ba. 1911 fa, ko Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a fara ba. Hotunan kakanninmu na wajen 1960 ma baƙi da fari ne, to ta ina wancan ya samo kala? Manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira aka sa ta shafa masa kawai.

Kabiru: Wa alaikumus salam ƙanina. Ba manhajar da ta taɓa shi. Sarkin sunansa Muhammad Alim Khan, sarkin Bukhara na ƙarshe, garin Imamu Buhari da ke Uzbekistan yanzu. Wanda ya ɗauka ɗan Rasha ne, Sergei Prokudin-Gorsky, masanin haɗa sinadarai. Abin da yake yi shi ne ya ɗauki abu ɗaya sau uku a jere a kan gilashi mai tsawo, ɗaya ta cikin jan gilashi, ɗaya ta kore, ɗaya ta shuɗi, kowanne baƙi da fari yake fitowa amma kowanne ya riƙe yawan hasken kalarsa, to in aka haska su ukun ta waɗancan kalolin aka ɗora su a kan juna sai kalar rigar ta dawo. Sarkin Rasha Nicholas na Biyu har taragon jirgin ƙasa ya ba shi da ɗakin wanke hoto a ciki, ya yi ta zagaya daular daga 1909 zuwa 1915.

Nazifi: Toh in haka ne me ya sa duniya ta ci gaba da baƙi da fari har shekara hamsin bayan nan?

Kabiru: Tsada da wahala mana. Kuma dole mutum ya tsaya cak har a gama ɗauka ukun. Ka nemi sauran hotunansa ka duba inda ruwa ke gudu ko yaro ya motsa kai, za ka ga ja da kore da shuɗi sun rabu a gefen abin, wannan ita ce shaidar, manhaja ba ta yin irin wannan ɓacin. Dabarar ma ta girme shi, tun 1861 masanin kimiyya James Clerk Maxwell ya nuna ta a Landan.

Anti Rabi: Kabiru na yarda da bayaninka amma akwai inda ka tsallake. Gilasan nan Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ne ya saye su a hannun magadansa a 1948, wajen 1,900, kuma sai wajen 2001 aka baje kolinsu bayan an haɗa su a kwamfuta. Wanda ya zauna gaban kwamfutar shi ya daidaita yadda shuɗin zai yi kauri da yadda hasken zai kasance. To kalar da muke gani a wayarmu ta 1911 ce ko ta 2001?

Kabiru: Anti, daidaitawa daban ƙirƙira daban. Zai iya sa shuɗin ya ɗan ƙara duhu ko ya ɗan yi haske, amma cewa rigar shuɗiya ce mai furanni a jikin gilashin yake tun ranar da aka ɗauka, ba shi ya zaɓa ba.

Anti Rabi: Na ji, amma a daina cewa "haka ainihin yake sak". A ce kusa da haka yake.

Malam Habu Mai Hoto: Ku bari tsoho ya sa baki. Ni sana'ata ce tun zamanin da muke wanke fim a ɗakin duhu, kuma maganar Kabiru daidai ce, ita ma Rabi ba ta yi ƙarya ba don ko mu a wajen wanki kowa da hannunsa, hoto ɗaya mai wanki biyu ba zai fito iri ɗaya ba. Abin da ya fi damuna shi ne wanda Nazifi ya ambata a farko. Yanzu yara na ɗauko tsofaffin hotunan hawan sallah da na fada su sa a manhaja ta shafa kala su watsa ba tare da sun ce shafawa aka yi ba. Ita manhajar nan cinta take yi. Rigar dogari ja da kore ce, a baƙi da fari ja da kore kan fito toka-toka kusan iri ɗaya, ta ina za ta sani? Rawani ɗan Kura mai sheƙin baba sai ta mai da shi baƙi ko ruwan ƙasa. Jikokinmu su taso su ɗauka haka kakanninsu suka sa kaya.

Ummi: Baba Habu ni kuma a nan ban bi ka ba, ka yi haƙuri. Hoton kakata da ta rasu kafin a haife ni aka sa wa kala, wallahi ranar na fara ganinta a matsayin mutum mai jini a jika, da can kamar wata ta cikin littafin tarihi nake kallonta. Ko da kalar ɗankwalin ba daidai ba ce, fuskar ai tata ce.

Malam Habu Mai Hoto: 'Yata ban hana ki ba, Allah ya jiƙanta. Na gida daban. Ki ajiye na asalin kusa da shi, kuma in za ki nuna wa wani ki faɗa masa an sa kala. Amma na tarihin jama'a amana ce.

Nazifi: To shi ɗan Rashan shi kaɗai ne ya yi?

Malam Habu Mai Hoto: A'a. A Faransa 'yan gidan Lumière sun fito da nasu kasuwa a 1907, otokurom, ƙananan ƙwayoyin sitacin dankalin turawa aka rina kala uku aka shimfiɗa a gilashi, shi ɗauka ɗaya ake yi. Wani attajirin banki Albert Kahn ya tura masu hoto ƙasashe wajen 50 daga 1909 zuwa 1931 suka tara kusan 72,000, har Dahomey sun zo a 1930, wato Binin maƙwabtanmu. Fim mai kala na kamfanin Kodak, Kodachrome, sai 1935.

Anti Rabi: Kuma a lura da wanda ya biya kuɗin tafiyar. Bukhara a lokacin tana ƙarƙashin ikon Rasha, shi mai hoton da takardar izinin sarkin Rasha yake yawo yana nuna girman daularsa. Kalar tana sa ka ji kamar kana wajen har ka manta cewa wani ne ya zaɓi inda zai kafa kyamara da abin da zai bari a waje. Hoton sarkin ba ya gaya maka yadda talakan Bukhara ke ji da harajinsa.

Kabiru: Haka ne Anti, amma ya ɗauki talakawa ma, masu sayar da yadi da kankana a Samarkand, 'yan makaranta, har fursunoni da mari a ƙafa. Kuma ni abin da ke taɓa ni shi ne shekara tara kacal bayan hoton nan, a 1920, 'yan Bolshevik, wato 'yan kwaminisancin Rasha, suka kifar da sarautar, sarkin ya gudu Afghanistan ya rasu a Kabul a 1944, shi ma mai hoton da ya bar Rasha tun 1918 a shekarar ya mutu a Paris. Kana kallon mutum zaune da ɗamarar zinare bai san abin da ke tafe ba.

Ummi: Ikon Allah. Ni dai har yanzu ina kan bakata, in ba kala 'yan zamaninmu ba za su tsaya su kalli tsohon hoto ba.

Malam Habu Mai Hoto: Su tsaya su kalli kalar da ba a taɓa sawa ba kenan?

Nazifi: Yaya Kabiru turo min gilasan guda uku na sarkin kafin a haɗa su, da ɗaya daga cikin masu ruwan nan da ka ce kala ta rabu, ina so in gani da idona.