Da gaske 'yan Templa sun tsere da dukiyarsu, ko marubucin ne ya raina mana hankali?

Anti Malama: Assalamu alaikum jama'a, yau ne za mu tattauna littafin wannan watan. Ga waɗanda ba su gama ba, a taƙaice wata mai bincike ce ta tsinci tsohuwar wasiƙa a ɗakin ajiyar takardu a Faris, wasiƙar na nuna wai daren da za a kama 'yan Templa (wata ƙungiyar mayaƙan kirista ta zamanin yaƙin kuros, wato yaƙe-yaƙen da Turawa suka yi kan Ƙudus) a 1307 jiragen ruwansu sun sulale daga tashar La Rochelle ɗauke da dukiya da wasu takardu da suka tono a Ƙudus, suka nufi Sikotlan, daga baya suka rikiɗe suka zama 'yan Firimason (wata ƙungiya mai harkokinta a asirce), kuma har yau suna nan suna kawar da duk wanda ya kusa gano su. Baban Khalifa tun jiya yake cewa a bar masa fili, bismillah.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam Anti. Ni dai magana ɗaya ce, wannan littafin sunan ƙagagge kawai aka sa masa don kar a kashe marubucin, amma abun da ke ciki gaskiya ne. Na je na duba da kaina, kamun ya faru ranar Juma'a 13 ga Oktoba 1307, Sarki Filif na Huɗu na Faransa ne ya ba da umarni, an ƙone shugabansu Jacques de Molay a Faris a Maris 1314, Fafaroma ya mutu a Afrilu, sarkin ya bi shi a Nuwamba duk a shekara ɗaya. Toh me ya rage? Ruwa ba ya tsami banza.

Auta: wlh Yaya nima wajen ƙonewar nan sai da tsigar jikina ta tashi, ban iya barci ba sai da na kai ƙarshe

Ɗan Tarihi: Baban Khalifa duk abun da ka lissafa haka yake, ba wanda ya musa. Dabarar masu irin wannan rubutun kenan ai, su jera maka gaskiya guda biyar da za ka iya dubawa sannan su saƙa ta shida wadda babu ita, kai kuma tunda biyar sun tabbata sai ka haɗiye ta shidan. Ina tambayarka, a cikin abubuwan da ka duba ka ga inda aka ce jiragen sun isa Sikotlan? A Sikotlan ɗin ma an gurfanar da 'yan Templa biyu a Edinburgh a 1309, kenan ba wata mafaka ba ce yadda littafin ya nuna.

Baban Khalifa: Malam ai wanda ya gudu a ɓoye ba zai bar maka rasiɗi ba. Kuma Robert Bruce sarkin Sikotlan a lokacin Fafaroma ya kore shi daga coci, ina ya fi dacewa su je in ba wajensa ba? Ga cocin Rosslyn da ke Sikotlan ɗin cike da alamominsu.

Ɗan Tarihi: An kafa cocin Rosslyn a 1446, Fafaroma Clement na Biyar ya rusa ƙungiyar a 1312, ka lissafa da kanka, shekara 134 ce tsakani. Babbar majalisar Firimason kuwa sai 1717 aka kafa ta a Landan, shekara ɗari huɗu da ɗoriya, kuma a ƙarni na 18 ɗin ne wasu daga cikinsu suka fara jingina kansu da mayaƙan yaƙin kuros don a ce suna da tsohon asali. Su ne suka nemi dangantaka da Templa, ba Templa ne suka haife su ba.

Maman 'Yan Biyu: Ku dakata dan Allah, ni fa ban gane dalilin wannan faɗan ba. Mutum ya rubuta maka labari don ka ji daɗi, ka ji daɗin, sai kuma ka dawo kana masa makin jarrabawa? Ni abun da ya dame ni daban ne, jarumar nan an ce mana farfesa ce amma komai sai wani namiji ya zauna ya yi mata bayani shafi uku, har abun da ɗalibin aji ɗaya ya sani. Kuma ko wane babi sai ya ƙare da an buɗe ƙofa an ga wani, haba

Auta: 😂 Maman 'Yan Biyu gsky ne, kuma mugun da ya zama shi ne malaminta tun tsakiyar littafin na gano shi

Anti Malama: Auta ka tona wa waɗanda ba su gama ba, Allah ya shirye ka.

Ɗan Tarihi: Maman 'Yan Biyu da a ce labari kawai ya rubuta ya yi shiru da ban ce komai ba, kowa na da damar ƙirƙira. Amma ki duba bayanin da ya sa a ƙarshe inda yake nuna ya yi dogon bincike kuma wai mai karatu ya yanke hukunci da kansa, bai ware inda tarihi ya tsaya ƙirƙirarsa ta fara ba. Sakamakon kenan gashi muna gani a gidan nan, Baban Khalifa mutum mai ilimi ya fito yana rantsuwa a kai.

Baban Khalifa: Ban rantse ba tukunna Malam 😄 amma ka amsa min wannan, dukiyar ina ta shiga? Mutanen da su ke ajiye wa sarakuna kuɗi, baitulmalin Faransa kansa a gidansu na Faris yake, sai a wayi gari a ce ba komai?

Ɗan Tarihi: Wa ya ce ba komai? Yawancin arzikinsu ba zinare ba ne a akwati, gonaki ne da gidaje da injinan niƙa da gonakin inabi a faɗin Turai, irin abun da ba ya shiga jirgi. Fafaroma ya miƙa su ga Hospitaller, wata ƙungiyar mayaƙan kirista irinsu, a 1312, sarakuna kuma kowa ya ɗan yagi rabonsa kafin ya saki. Tsabar kuɗin kuma yaƙi ya daɗe yana cin su, riƙe ganuwoyi da dawakai da sojoji a Sham ba ƙaramin kashe kuɗi ba ne, kuma a 1291 Mamluk masu mulkin Masar suka ƙwace birnin Akka aka fatattake su daga can. Kuma ku kula da Filif ɗin nan, bashi ya yi masa katutu, a 1306 ya kori Yahudawa daga Faransa ya ƙwace dukiyarsu, shekara ɗaya bayan nan ya juyo kan Templa. Maƙarƙashiyar gaske kenan, an aika umarni a rufe zuwa ko ina aka kama su rana ɗaya da asuba, aka gana musu azaba har suka amsa laifin tofa wa kuros yawu da bautar wani gunki mai siffar kai, da wasu suka janye maganarsu aka ƙone 54 a 1310. A ƙasashen da ba a matsa da azaba ba kusan ba wanda ya amsa. Ni abun da ke ba ni haushi marubucin ya wuce wannan duka a shafi biyu ya tafi neman akwatin zinare.

Ustaz na Ƙasa: Ni inda na tsaya da littafin shi ne maganar Ƙudus. Eh gaskiya ne an kafa su wajen 1119 kuma Masallacin Aƙsa aka ba su ya zama hedikwatarsu har Salahuddin ya karɓe birnin a 1187 bayan yaƙin Hiɗɗin. Amma a littafin musulmi ba su da ko baki, inuwa ce kawai da rawani tana wucewa a bayan fage. Alhali Usama bn Munƙiz da ya rayu da su ya rubuta cewa in ya shiga Aƙsa 'yan Templa abokansa ne ke ware masa waje ya yi sallah, har wani sabon zuwa daga Turai ya taɓa cafko shi yana juya shi gabas su suka janye mutumin suka ba shi haƙuri. Salahuddin kuma bayan Hiɗɗin ya sa an kashe yawancin waɗanda aka kama daga cikinsu. Ka ga abota da gaba a waje ɗaya, wannan ai ya fi wasiƙar ƙarya daɗin karantawa.

Maman 'Yan Biyu: Toh Ustaz wannan kam na yarda, da ya sa Usama a ciki da na yafe masa farfesar

Baban Khalifa: Duk na ji, amma Batikan, fadar Fafaroma, fa? Ba su ne suka ɓoye takarda shekara ɗari bakwai ba?

Ɗan Tarihi: Takardar Chinon kake nufi, wata mai bincike Barbara Frale ce ta ci karo da ita a 2001 a ma'ajiyarsu, kuma su da kansu suka buga ta a 2007. Abun da ke cikinta shi ne a 1308 wakilan Fafaroma sun saurari shugabannin suka yafe musu, wato Clement bai so a hallaka su ba, ƙarfin sarki ne ya fi nasa. Ba taswirar dukiya a ciki. In kuma ci gaban Templa kake nema na gaske ka duba Fotugal, Sarki Dinis ya kafa Ƙungiyar Almasihu a 1319 aka zuba mata kadarorinsu, Yarima Henry mai tura jiragen bincike gaɓar Afirka ya shugabance ta daga 1420, jan kuros ɗinta ne a jikin filafilan jiragensu. A fili aka yi da amincewar Fafaroma, shi ya sa masu littafi ba sa so, ba sirri a ciki.

Baban Khalifa: Ka ga ni ko! Kenan ba su mutu ba, maganata ta fito.

Ɗan Tarihi: Maganarka Sikotlan ce da Firimason, kar ka canja jirgi a tsakiyar teku.

Baban Khalifa: In sun iya canja suna a Fotugal kowa na gani, me zai hana wasu su canja a wani wajen ba wanda ya gani? Ni har yanzu ban sauka ba gaskiya.

Auta: ni dai tauraro huɗu na ba shi, ƙarya ko gaskiya ya hana ni barci

Maman 'Yan Biyu: biyu da rabi, rabin ma don babin ƙonewar ne

Anti Malama: Toh a ci gaba da turo maki har ƙarfe goma. Baban Khalifa kai ne da zaɓen littafin wata mai zuwa, amma Malam ya ce sai ya fara dubawa.

Baban Khalifa: Ai kuwa kashi na biyu na wannan ɗin zan kawo, ya shirya.