Wai yanzu laifi ne a ce Yesu Bayahude ne?

Ɗan Wusasa: Jama'a barkanmu da dare. Wallahi yau raina a ɓace yake, dole in amayar da abin nan ko na samu barci. Ɗazu a teburin mai shayi wani yake cewa wai Yahudawa taurin kai ne kawai ya hana su karɓar Almasihu, sai na ce masa a'a malam, abin ya fi haka. Mutanen nan sarki suke jira, jikan Dauda, wanda zai zo ya kori Romawa ya dawo musu da mulkinsu, don tun shekara ta 63 kafin haihuwar Yesu da Fompi, janar ɗin Romawa, ya shiga Urushalima, wato Ƙudus, suke ƙarƙashin Romawa suna biyan haraji. Hatta almajiran Yesu haka suka zata, ku duba Luka 24:21, mutum biyun nan da ke kan hanyar Imuwasu cewa suka yi da ma sun sa rai shi ne zai fanshi Isra'ila. Na ce shi kansa Yesu ai Bayahude ne, an yi masa kaciya rana ta takwas, yana shiga majami'a ranar Asabar, yana yin Idin Ƙetarewa. Kawai sai mutumin ya dire kofinsa ya ce ashe kai ma ɗan korensu ne. A gaban kowa fa! Biredi da ƙwan da aka soya min ko taɓawa ban yi ba, na biya na taso. Don Allah ina ƙaryar a abin da na faɗa?

Ustazu: Subhanallah. Ɗan'uwa ka gyara kalamanka, Annabi Isa alaihissalam ba Bayahude ba ne. Annabin Allah ne da aka aiko wa Bani Isra'ila, haka ya zo a Suratus Saffi aya ta 6. Bani Isra'ila daban, Yahudu daban.

Maman Biyu: Nima gaskiya kalmar ta min nauyi a kunne, duk da cocinmu ɗaya da kai. A ce Ubangijina Bayahude? Haba Yaya. Mu nan in aka ce wa mutum Bayahude ai zagi ne, ana nufin maƙetaci ko mai baƙin wayo.

Ɗan Wusasa: Ƙanwata wannan kuma matsalar bakinmu ce, mu muka mayar da sunan al'umma guda zagi kuma bai dace ba. Buɗe Yahaya 4:9, matar nan Basamariya a bakin rijiya ce masa ta yi yaya kai Bayahude za ka roƙe ni ruwa, kuma bai musa mata ba. Amma ni ba ma wannan ce maganata ba, maganata ita ce wane irin Almasihu suke jira.

Ustazu: Ni ba littafinku na kawo ba. Alƙur'ani ya ce Annabi Ibrahim bai kasance Bayahude ba bai kasance Banasare ba, Ali Imrana aya ta 67. Annabawa duk addininsu ɗaya ne, miƙa wuya ga Allah.

Ticha: Allah ya gafarta malam, ina ganin kowannenku abu daban yake nufi da kalmar. Kai addini kake nufi, shi kuma dangi da al'umma. Sunan ai daga Yahuza ɗan Annabi Yaƙubu ya samo asali, daga nan ya zama sunan ƙabila, ya zama sunan masarautar kudu mai hedikwata a Ƙudus, to bayan Babila ta rushe Haikali a 586 kafin miladiyya aka kwashe su bauta, waɗanda suka dawo sai sunan ya bi su gaba ɗaya. Shi ya sa Bulus da bakinsa ya ce shi ɗan ƙabilar Biliyaminu ne amma kuma yana kiran kansa Bayahude.

Mai Kemis: Ticha kullum kai sai ka tsaya a tsakiya kamar sandar raba faɗa. Ka fito fili mana, kana tare da su ne ko kana tare da mu? Ana kashe yara a Gaza ku kuna nan kuna wanke su.

Ticha: Wa na wanke? Maganar shekara dubu biyu da suka wuce ake yi, ƙasar Isra'ila ta yanzu a 1948 aka kafa ta. Abin da ke faruwa a Gaza yana min ciwo kamar yadda yake maka, amma ba zai sa in canza tarihi ba.

Baba Tsohon Soja: Yara ku bi a hankali. Ni abin da na sani a kan gicciye ma abin da aka rubuta kenan, Sarkin Yahudawa. To in ba Bayahude ba ne don me Bilatus gwamnan Romawa zai sa a rubuta haka?

Ustazu: Baba da girmanka, mu ai ba mu yarda an gicciye shi ba. Suratun Nisa'i aya ta 157, ba su kashe shi ba, ba su tsire shi ba, an dai kamanta musu ne.

Maman Biyu: To kun gani ko, an fara. Duk sanda aka ɗauko magana sai an kai mu nan. Kuma don Allah sunansa Yesu, ku daina cewa Isa in kuna magana da mu.

Mai Kemis: Ikon Allah, to a waƙoƙinku na coci ba na jin ana Isa Almasihu? Maƙwabtanmu kowace Lahadi sai sun rera, ta katanga nake ji.

Maman Biyu: Wannan tsofaffin waƙoƙi ne.

Ɗan Wusasa: Jama'a don Allah ku dawo kan hanya. Kalmar Almasihu da mu da ku duk muna amfani da ita, ko a Ali Imrana 45 Almasihu Isa ɗan Maryam aka ce. To kun san ma'anarta? Da Ibrananci mashiyak ne, wato shafaffe, wanda aka zuba wa mai a ka don a naɗa shi, kamar yadda Sama'ila ya ɗauki ƙahon mai ya shafe Dauda a gaban yayyensa. Kamar dai naɗin rawani a wurinmu. Da Helenanci aka fassara ta Kiristos, daga nan aka samu Kirista, kuma a Antakiya aka fara kiran mabiyansa haka. Har Sairus sarkin Farisa da ba Bayahude ba Ishaya 45:1 ya kira shi shafaffe na Ubangiji saboda shi ya sallame su suka koma gida. Kenan a kunnen Bayahude na wancan lokacin kalmar sarauta take nufi da ƴanci, takuba su zama garemani kamar yadda Ishaya 2:4 ya ce, kyarkeci ya zauna da ɗan rago. Sun duba sun ga Romawa na nan daram, sai yawancinsu suka ce ba shi ba ne. Mu kuma muka ce ya zo ya sha wahala domin mu kamar yadda Ishaya 53 ya nuna, sauran alkawuran sai dawowarsa. Nan ne aka rabu, kuma waɗanda suka fara yarda da shi, su Bitrus da Yakubu da Maryamu, duk Yahudawa ne.

Ticha: Sai dai ka ƙara da cewa su ba haka suke karanta Ishaya 53 ba. Babban malaminsu Rashi da ya rasu a 1105 cewa ya yi bawan nan mai shan wahala al'ummar Isra'ila ce. Musa bin Maimun kuma, wani malamin nasu da ya rasu a Masar a 1204, ya sa alamomi, sai wanda ya gina Haikali ya tattaro warwatsattsunsu. Kuma tun asali ba bakinsu ɗaya ba, a takardun da aka tsinta a kogunan Kumran daga 1947 akwai inda ake jiran shafaffu biyu, na gidan Haruna da na Isra'ila.

Mai Kemis: Ni dai na taɓa ji a wani wa'azi cewa akwai wani Almasihun nasu da ya musulunta. Kun ga gaskiya ta yi halinta kenan.

Ticha: Shabbatai Zebi kake nufi, mutumin Izmir ta Turkiyya. A 1665 aka shelanta shi, Yahudawa daga Yaman har Holan suka ruɗe, wasu har da sayar da kadarori suna shirin tafiya Ƙudus. A 1666 Daular Usmaniyya ta kama shi aka ce ko ya musulunta ko a kashe shi, ya zaɓi rawani. Ban ga abin alfahari ba a musuluntar da aka yi da takobi a wuya. Kafin shi ma an yi Bar Kokba da ya yi wa Romawa tawaye a shekara ta 132, har malaminsu Rabbi Akiba ya ɗauka shi ne Almasihun, ƙarshe Romawa suka murƙushe su cikin shekara uku zuwa huɗu.

Mai Kemis: Ticha ka iya dogon turanci amma dubu biyun gudummawar bikin ɗan ajinmu har yau ba mu ga alat ba.

Ticha: Na tura tun ranar Talata, ka tambayi ma'aji. Kuma wannan cin fuska ne, me ya haɗa kuɗin biki da wannan magana?

Baba Tsohon Soja: Kai mai kemis ka ba shi haƙuri, ba a yin haka a bainar jama'a.

Maman Biyu: Ni har yanzu ba a amsa min ba. In Yesu Bayahude ne me ya sa mu ba ma kiyaye Asabar, me ya sa ba a tilasta mana dokokinsu na abinci?

Ɗan Wusasa: Ayyukan Manzanni sura 15 ƙanwata. An yi zama a Urushalima kan ko sai wanda ba Bayahude ba ya yi kaciya kafin ya shiga, Bitrus da Bulus suka ce a'a, Yakubu ya yanke cewa kada a ɗora musu nauyi sai ƴan abubuwa kaɗan. Daga baya waɗanda ba Yahudawa ba suka fi yawa, Romawa kuma suka rushe Haikali a shekara ta 70, a hankali hanya ta rabu biyu.

Ustazu: Ka ga ka faɗa da bakinka, Bulus ne ya canza addinin.

Ɗan Wusasa: Ban ce haka ba malam, kada ka sa min magana a baki!

Admin: To dare ya yi, zan rufe grup sai da safe. Abin da na fahimta daga muhawarar shi ne kusan kowa ya yarda kalmar Bayahude ba ta dace da Annabi Isa ba, har ƴar'uwarmu Kirista ta faɗi haka, abin da ya fi shi ne a ce ɗan Bani Isra'ila kamar yadda Ustazu ya kawo da ayoyi. An kuma tabbatar canje-canjen daga baya suka shigo. Bayanan Ticha na tarihi ne, mai so ya bincika. Maganar kuɗi a same ni ta waya.

Ɗan Wusasa: Admin wane kowa? Ni ban yarda ba, Baba bai yarda ba, Ticha bai yarda ba. Kuma tambayar da na yi tun farko kan wane irin Almasihu suke jira ko ambatonta ba ka yi ba. Gobe da yamma zan koma teburin mai shayin nan da Littafi Mai Tsarki a hannuna, in buɗe wa mutumin Luka 24 ya karanta da idonsa.