Atisaye a keken mutum biyu: ni ina haki, Madam tana hira

Baban_Iman:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu keke. Shawara nake nema.

Ni da mai ɗakina muna zaune a Groningen, arewacin Holan. A bazarar da ta wuce muka sayi tandam na hannu, wato keken nan mai sirdi biyu, a wajen wani dattijo da ciwon gwiwa ya hana shi hawa. Ni ne a gaba saboda na fi nauyi, birki da giya duk a hannuna suke. Yawon ranar Lahadi lafiya lau muke yi. Rigimar ta taso ne da muka ce bari mu bi tsarin nan na 'yan Norwe: minti 4 ana matsawa da ƙarfi, minti 3 ana sassautawa, har sau 4.

Kowannenmu ya ɗaura abin auna bugun zuciya a ƙirji. Shekaruna 44, nata 36, kuma ita ta daɗe tana fita gudu da asuba. Kafin a cinye minti na biyu ni na kai bugu 165 a minti, numfashi sama-sama, ita kuwa tana 140 tana ba ni labarin bikin ƙanwarta a Katsina. Ga kuma wata: ni na saba da giya mai nauyi, juyi kamar 75 a minti, ita ta fi son 90 ko sama. Sarƙa ɗaya ce ta haɗa fedata da tata, babu yadda za a yi kowa ya juya yadda yake so.

Shin wannan atisayen yana yiwuwa a tandam, ko kowa ya koma kekensa?

Ummu_Sadiq:

Wa alaikumus salam Baban Iman. A gaida Maman Iman.

Ni ma a baya nake zama, maigidana a gaba, a nan Manchester. Abin da ya kamata ku fara ganewa shi ne, sarƙar nan saurin juyi kawai ta haɗa muku, ba ta haɗa ƙarfin da kowa yake dannawa ba. Ƙafafunku za su zagaya tare, amma ita tana iya take feda da dukan ƙarfinta kai kuma kana bi a hankali. Don haka kada ku nemi lambar bugun zuciyarku ta zo ɗaya. Kowa ya kalli tasa.

Abin da nake zargi, kai ne kake cinye aikin tun a daƙiƙun farko. Da an ce "mu je" sai ka danna, keke ya ɗauki gudu, ita kuma ta ji fedar ta yi sako-sako a ƙafarta, babu abin da za ta tura. Gwada akasin haka. Bari ita ta fara dannawa. In ka ji fedarka ta yi sauƙi, ka ƙara giya ɗaya, ka riƙe naka ƙarfin inda yake. Nauyin da ka ƙara nata ne.

Agogon lokaci kuma a ba ta. Idonka yana kan hanya, hannunka yana kan birki, ita ce mai sararin ƙirga minti. Ta riƙa faɗi da baki: saura minti ɗaya, saura daƙiƙa goma, sassauta. Kai kuma duk abin da za ka yi ka sanar kafin ka yi, ko canja giya ne, ko rami, ko daina juyi. Wannan na ƙarshen ya fi komai ciwo. Mutum yana tsakiyar dannawa na gaba ya tsayar da ƙafa ba sanarwa, a gwiwa ake jin sa, kuma har a isa gida ba a magana.

Maganar juyi, ku haɗu a 85. Kai ne za ka fi shan wuya da farko, amma gwiwarka za ta gode maka nan gaba. In abin ya ƙi, duba tsawon ƙarfen fedarka. Idan milimita 175 ne, a sa maka 170, gajere ya fi sauƙin juyawa da sauri.

Kuma maza su daina ɗaukar na baya a matsayin fasinja. A gasar Paralympics, wato gasar wasannin duniya ta masu buƙata ta musamman, masu larurar gani a baya suke zama, mai gani yana tuƙi a gaba, kuma da ƙarfin mutum biyun ake cin lambar.

Dan_Rayfield:

Malam, ni a Jos nake kuma ban da tandam, amma bari in sa baki a kan lissafin.

Tsarin da kuke bi ya fito daga jami'ar NTNU da ke Trondheim a ƙasar Norwe. A binciken da Helgerud da abokan aikinsa suka fitar a 2007, minti huɗun ana yin su ne a kashi 90 zuwa 95 cikin ɗari na ƙololuwar bugun zuciya, hutun kuma wajen kashi 70. In muka bi ƙiyasin nan na cire shekaru daga 220, ƙololuwarka 176 ce, tata 184. Kashi 90 naka ya kama 158, nata wajen 166. Ka ga kai a 165 kana cikin gona sosai, ita a 140 ko bakin gonar ba ta kai ba. Sai dai ƙiyasin nan yana iya kaucewa da bugu goma ko fiye a kan mutum ɗaya, kada ka riƙe shi kamar karatun allo. Gwaji mafi sauƙi: wanda yake iya ba da labarin biki bai shiga aiki ba.

Zuciya kuma ba ta tashi nan take, tana ɗaukar minti ɗaya zuwa biyu kafin ta kai inda ake so. Kai da ka kai 165 da wuri haka, ka fara da zafi ne, zagaye na huɗu zai gagare ka. Ku ɗumama jiki minti 10 kafin komai. Sau biyu a mako ya isa. Kuma in ba ka taɓa irin wannan ba, ko kana da hawan jini, ka ga likita tukuna.

Irin gajerun nan na Tabata, daƙiƙa 20 aiki 10 hutu, ban ga yadda za su yi daɗi a tandam ba. Kafin ka canja giya ku daidaita ƙafa, lokacin ya ƙare.

Na_Kurmi:

Ikon Allah. Mu nan keken mutum biyu shi ne ka goya Hajiya a kariya da buhun masara. Baban Iman, ka tabbata tana dannawa kuwa? Ba ka da ido a ƙeya fa.

Baban_Iman:

Na_Kurmi, ta karanta, ta ce a faɗa maka ta ji. Na gode ƙwarai Ummu Sadiq da Dan Rayfield. Saura abu ɗaya: in muka haɗa ƙarfi keken yana haura kilomita 40 a awa, kuma hanyar keke a nan cike take da yara da tsofaffi. Tudu kuwa babu shi a yankin nan balle ya rage mana gudu.

Ummu_Sadiq:

Ai kuna da iska, ita ce tudunku. Ku fita bayan gari, can cikin gonakin da ke arewa da ku, ku nemi miƙaƙƙiyar hanya marar mahaɗa da yawa. Minti huɗun ku fuskanci iska, gudun zai ragu, aikin ya ƙaru. Lokacin hutu ku juyo ta turo ku daga baya, amma kada ku tsayar da ƙafa, ku ci gaba da juyi a giya marar nauyi. Ka kuma riƙa fara taka birki da wuri fiye da yadda ka saba, nauyin mutum biyu ba ya tsayawa a inda na mutum ɗaya yake tsayawa.

In akwai hali daga baya, akwai feda masu auna ƙarfi irin su Favero Assioma, kowa ya sa nasa, lambar kowa ta fito daban. Da tsada dai. Ku fara da abin da ke ƙirjinku, ka dawo ka faɗa mana nawa Maman Iman ta kai a zagaye na uku.