Awon Kunne da Awon Basira

Ɗalibin jami'a, daga Garin Malam:

Mawaƙan Damagaram, ga batu, ku saurara,
A 1997 can Amurka ɗalibai aka tara,
Kunne, gwiwar hannu, idon sawu, aka auna aka jera,
Wanda damansa da hagunsa suka fi daidaita a kan saura,
Shi ya ɗan ɗara su a gwajin basira.

Baduku, daga Birni:

Yaro, ni baduku ne, ƙafa nake aunawa,
Ƙafafun mutum ɗaya ma ba su cika daidaituwa,
Na san malami mai ɗingishi, ga shi da ƙwaƙwalwa,
Ya haddace izu sittin, ya rubuta ba dubawa.
Ina awonka a nan? Muna jiran warwarewa.

Ɗalibin jami'a:

Baba, ba ɗingishi nake nufi ba, yi mini uzuri,
Bambancin milimita ne, ɗan siriri,
Dama da hagu zubinsu ɗaya ne a tsari,
In cuta ko tangarɗar gado ta faɗa tun da wuri,
Sai ginin ya ɗan karkace, ƙwaƙwalwa ma tana hatsari,
Ita da ke cin kashi 20 cikin 100 na kuzari.
Darwin, masanin halittu, ya ce da ado ɗawisu ke cin zaɓen mace tun farko-fari,
Wasu masana suka ce basira ma tallar lafiya ce ga gari.

Malamar jinya, daga Zengo:

Ƙanena, kai da awon kunne, ni da nawa ma'auni,
Damtsen yaro nake zagayewa da tsiri mai launi,
In bai kai santimita 11.5 ba, ja nake gani,
Tamowa ke nan, ga zazzaɓin sauro bayan rani,
Ga ƙarancin iyodin a gishiri, su ke dakushe sani.
A 2010 an tattara binciken naku, alaƙar ta fito da rauni,
Ba ta isa ka dubi kunne ka ce ga gwani.

Baduku:

Madalla 'yata! Yaro, ga wata da ba ka faɗa ba:
Zuciya hagu, hanta dama, su ma ba su daidaita ba.

Ɗalibin jami'a:

Wannan karkatar ta kowa ce, Baba, haka tsarin yake,
Wadda ake aunawa ita ce ta kauce wa zubi, ta sauka a karkace.

Baduku:

Amsa-amonka ya yi ɗingishi, amma na ji batunka,
Alhamis ka zo Kasuwar Dole in auna ƙafafunka,
Ka taho da cikon kuɗin takalminka.